Kilomita 109 a Kan Keke: Labarin Shigata Tseren Birnin Cape Town

A kowace shekara, galibi ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, hukumomin birnin Cape Town da ke Afirka ta Kudu sukan rufe wasu daga cikin manyan titunansu tun kafin asuba, su hana motoci bi, su bar wa masu keke hanya har rana ta yi sanyi. Sunan tseren da ake yi a wannan rana Cape Town Cycle Tour, ko da yake tsofaffin garin har yau Argus suke ce masa, da sunan jaridar da ta daɗe tana ɗaukar nauyinsa. Tsawonsa kilomita 109 ne, yana zagaye zirin ƙasar da ya kutsa cikin teku a kudancin birnin, kuma adadin mutanen da ake bai wa damar shiga yakan kai 35,000. Ina cikin waɗanda suka yi shi a shekarar 2018, kuma ina so in ba da labarin yadda na kai ga haka, domin ba neman suna ko kyauta ne ya kai ni ba, rashin lafiya ce ta tura ni, wani dattijo maƙwabcina kuma ya riƙe hannuna.

A Zariya aka haife ni, a gidan malamin makaranta wanda duk tsawon aikinsa a kan keken Raleigh ya yi shi. A kan keken haya na koyi tuƙi kamar sauran yaran unguwarmu, daga baya aka saya mini Phoenix na yi sakandare da shi. Da na fara ɗaukar albashi sai na sayi babur, bayan 'yan shekaru na sayi mota, keke kuwa ban sake waiwayarsa ba, saboda a wurinmu an ɗauki hawa keke alamar wanda bai samu ba tukuna, kuma magidancin da ya taɓa hawa mota ya koma keke, tambayar farko da za a yi a bayan idonsa ita ce ko karayar arziki ce ta same shi. Karatu ya kawo ni Cape Town, bayan na gama na sami aikin ofis wanda ake wuni a zaune gaban kwamfuta, na ɗauko iyalina muka kama haya a unguwar Athlone. Jiki ya yi nauyi a hankali ba tare da na lura ba, sai ga ƙishirwa mara yankewa, da yawan tashi fitsari cikin dare, da gani dishi-dishi idan yamma ta yi. Da aka auna jinina likita ta shaida mini cewa ina da ciwon suga, ga kuma hawan jini a kai. Wannan magana ta girgiza ni ƙwarai, domin ciwon suga ne ya kwantar da mahaifina a ƙarshen rayuwarsa har sai da aka yanke masa ƙafa, kuma na ga abin da ya sha da idona. Ta rubuta mini magani, ta tsara mini abinci, sannan ta ce idan ban motsa jikina ba maganin shi kaɗai ba zai riƙe ni ba.

Maƙwabcin nan nawa tsohon magini ne da ya bar aiki, ya haura sittin a lokacin, daga cikin Musulmin Cape waɗanda kakanninsu suka zo daga tsibiran Indunusiya da gabar Indiya a zamanin mulkin Turawan Holan. A masallacin unguwa muka saba, ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana. Da na gaya masa abin da likita ta faɗa bai yi mini dogon jaje ba. Ya ja ni zuwa garejinsa, inda kekuna suke rataye a bango, ya sauko da wani tsohon keken tsere na ƙarfe, ya auna tsawon ƙafata da ido, ya ɗaga sirdin, ya sa wa kacar mai, ya ce: “Ɗana, ranar Asabar bayan sallar asuba ka same ni a ƙofar gida. Kada ka ci alkawarin gudu, ka ci alkawarin fitowa kawai.”

Fitowar farko ba mu wuce zagayen filin Rondebosch Common ba, amma da na dawo sai da na jingina da bango kafin in iya cire takalmi. Da na faɗa wa mahaifiyata ta waya cewa na koma hawa keke, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko wani abu ne ya sami motar, kuma idan kuɗi ne ya yanke in gaya mata gaskiya. Na ce, “Hajiya, motar lafiyarta ƙalau, jikina ne yake neman gyara.” Ta sa mini albarka, ta ce in riƙa karanta addu'ar hawa abin hawa, in kuma yi nesa da manyan motoci.

A watannin da suka biyo baya Baba ya koya mini abubuwan da ban taɓa sanin akwai su a tuƙin keke ba. Keken da na sani a gida giya ɗaya gare shi, idan hawa ya zo sai dai mutum ya miƙe tsaye ya danna feda da ƙarfin tsiya. A nan na koyi sauya giya tun kafin hawan ya kama ni, da juya ƙafa da sauri a giya mai sauƙi maimakon murƙushe gwiwa a mai nauyi. Na koyi bin bayan tayar wanda ke gabana kusa-kusa domin ya tare mini iska, wanda shi ne sirrin tafiyar ayari, tunda a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yawancin ƙarfin mai keke wajen ture iska yake ƙarewa. Na koyi nuna rami da hannu ga na bayana, da canza tib a bakin titi idan taya ta yi faci, tunda babu mai faci a gindin bishiya da zan tura wa keken. Saboda ciwona kuma na koyi abin da ya fi duka muhimmanci, wato auna suga kafin fita da bayan dawowa, da sa dabino a aljihun bayan riga, domin mai shan maganin suga idan ya daɗe yana aikin ƙarfi sugan na iya faɗuwa ƙasa, ya ji jiri da rawar jiki, har ya kai ga suma a kan hanya.

A bakin Baba na fara jin tarihin tseren. Mutum biyu, Bill Mylrea da John Stegmann, su suka shirya na farko a 1978, kuma manufarsu ita ce su nuna wa hukuma cewa masu keke suna da yawa, sun cancanci a ware musu hanyoyinsu a cikin gari. Mutum 525 ne suka tashi a wancan karo. Yau ana lissafa shi a matsayin tseren keke mafi girma a duniya cikin waɗanda ake auna lokacin kowane mahayi ɗaya bayan ɗaya, kuma ribar da aka samu ƙungiyar masu keke ta Pedal Power da ƙungiyar Rotary ta Claremont ne suke rabawa ga ayyukan taimakon jama'a. Ga wanda ba ɗan tsere ba sharaɗin da ya fi damunsa shi ne ya gama cikin awa bakwai, kuma akwai wuraren da ake tsayar da wanda ya makara a hanya, a sa shi a bas a kai shi gari. Ranar da Baba ya ce in yi rajista na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa kawai yake yi, sai da na ga ya zauna kusa da ni yana jiran in cika takardar a intanet. Na nemi izinin likitata, ta yi mini gwajin zuciya, ta amince.

Shekarar 2017 ce ya kamata ta zama ta farko a gare ni. Ranar 12 ga Maris muka isa cikin gari da duhu-duhu, muka tarar da iskar kudu maso gabas, wadda mutanen garin ke kira Likitan Cape, tana kaɗawa da ƙarfin da ban taɓa gani ba. A lokacin daga titin Hertzog Boulevard ake tashi, hanyar kuma tana bi ta ƙarƙashin dogon ginin hukumar birni, inda iska ke matsewa ta fito da ninkin ƙarfinta. Da idona na ga ƙarti majiya ƙarfi sun riƙe kekunansu da hannu biyu, kekunan suna tashi sama suna kaɗawa, wasu mutanen kuma iskar ta kayar da su tana jan su a kan kwalta. An ce gudunta ya kai kilomita 100 a awa a wasu wurare. Ba a jima ba aka sanar cewa an soke tseren gaba ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara shi. Raina ya ɓaci matuƙa, domin na kwashe watanni ina shiri. A hanyarmu ta komawa Baba ya tuna mini cewa a ƙarshen makon nan gobara ta cinye dubban gidajen kwano a unguwar talakawa ta Imizamo Yethu da ke Hout Bay, a kan hanyar da za mu bi, kuma wannan na cikin dalilan soke tseren. Da rana muka tattara barguna da tufafin yara daga gidajenmu da na maƙwabta muka kai inda ake karɓar gudummawa.

Shekarar da ta biyo baya ta zo da wata jarrabawar. Fari ya kama yankin shekara uku a jere, babban dam ɗin Theewaterskloof ya ja baya har ƙasansa ya fito, hukuma ta fara maganar ranar da za a rufe famfunan gidaje. Daga 1 ga Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, ta sha da girki da wanka da wanki da banɗaki. Mutum ya dawo daga tuƙin awa huɗu jiƙe da gumi, ya tsaya a cikin baho ya yi wanka da 'yar roba, ya tara ruwan domin zubawa a masai. An yi ta muhawara a kan ko ya dace a tara dubban baƙi a garin da ke ƙirga ruwansa da lita, kuma ni kaina na ga hujjar masu cewa a fasa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne alkawarin masu shiryawa cewa ba za su taɓa ruwan famfon birni ba, za su kawo na sha daga wajen yankin da farin ya shafa. An kuma mayar da wurin tashi zuwa dandalin Grand Parade saboda abin da iska ta yi bara.

Ranar Lahadi 11 ga Maris na yi sallar asuba, na ci abin da likita ta yarda in ci, na auna suga. Uwargida ta duba bayan lambar da zan maƙala a riga ta tabbatar na rubuta ciwona da maganin da nake sha, ta ce, “Abban yara, idan jikinka ya ce ka tsaya, ka tsaya. Mu kai muke so, ba lambar yabo ba.” Da muka isa Grand Parade na tarar da taron da ban iya kwatanta shi da komai ba sai filin Idi, jama'a sahu-sahu iya ganin ido, kowa da hular kwano a kai, domin ba a barin mara ita ya hau hanya. A gabanmu ga babban ginin majalisar birni, wanda daga barandarsa Nelson Mandela ya yi wa jama'a jawabi ranar da aka sake shi, 11 ga Fabrairun 1990. Rukuni-rukuni ake sakin mutane, 'yan mintoci tsakanin kowane rukuni da na bayansa, ƙwararru a gaba tun da sassafe, irinmu marasa tarihin gudu kuma can baya, sai da hantsi ya ɗaga. Baba yana da damar tashi da wuri saboda ya yi tseren sau da dama, amma ya dawo rukunina. A cikin jiran nan na ga tsofaffi masu furfura, da mata da miji a kan keke mai sirdi biyu, da guragu a kan keken da ake juyawa da hannu, da wani mutum da ya ɗaura ƙaramin amalanke a bayan kekensa ya zaunar da yaro mai lalurar da ba ya iya tafiya, yaron sanye da tasa hular yana ta murna. Ganin su ya rage mini fargabar da na kwana da ita.

Daga tashi hanya ta fara hawa a kan titin Nelson Mandela Boulevard, kuma a nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. A gefen hanya ta ɓangaren dutse akwai wani fili mai faɗi, yawancinsa ciyawa, da masallatai da coci-coci jefi-jefi tsaye su kaɗai. Nan ne District Six, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana a matsayin ta Turawa zalla a 1966, ta kwashe mutum sama da 60,000 ta watsa su a unguwannin rairayi na bayan gari, ta bi gidajensu da katafila. Na sha wucewa ta wurin a mota ban taɓa ɗaga kai ba. Baba ya rage gudu, ya saki hannu ɗaya ya nuna mini wani wuri kusa da masallacin Al-Azhar, ya ce a nan gidansu yake, a nan aka haife shi, yana saurayi aka loda kayansu a babbar mota. Ya ce duk shekara idan ya iso nan yakan yi wa iyayensa addu'a, domin sun rasu ba su koma ba. Ban sami abin cewa ba sai amin. Tun daga wurin na fahimci cewa a gare shi wannan rana ta wuce motsa jiki, rana ce da yake bi ta tsakiyar garin da aka taɓa korarsa daga cikinsa, 'yan sanda suna tare masa motoci.

Muka zagaya kwanar da ke bayan asibitin Groote Schuur, inda Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a duniya a 1967, muka bi gindin dutse ta Newlands, muka ci karo da hawan Edinburgh Drive wanda gajere ne amma yana da tsauri. Bayansa gangara ce mai sauri zuwa babbar hanyar da ke miƙewa kudu, kuma a nan Baba ya yi ta jan kunnena da in bar tazara, in ajiye yatsuna a kan birki, domin a irin wannan wuri mutum ɗaya ya faɗi sai ya kwashe goma. A Muizenberg teku ya bayyana a hagunmu. Daga nan hanyar ta bi bakin ruwa ta Kalk Bay da Fish Hoek har Simon's Town, garin sojojin ruwa, mutane sun fito ƙofar gidajensu da kujeru da ganguna da kiɗa, suna kiran duk wanda ya wuce da kalmar ƙarfafawa. Iskar tana gabanmu amma ba ta kama ƙafar ta bara ba. A wuraren shan ruwa na riƙa wuce lemon kwalba in cika gorata da ruwa, in ci dabino biyu ko uku.

Hawan Smitswinkel ya ɗauke mu daga bakin teku zuwa kusa da ƙofar gandun Cape Point, inda gwaggon birai ke zama a gefen titi suna kallon masu wucewa. A nan ne kusan rabin tafiya, hanyar ta juya, iskar ta koma bayanmu, muka gangara zuwa Scarborough da Misty Cliffs inda feshin Tekun Atlantika ke isowa har kan kwalta. A Ocean View yara sun jeru a bakin hanya suna miƙo tafin hannu a tafa musu. Baba ya ce iyayen yawancin mutanen unguwar daga Simon's Town da kewayenta aka kwaso su bayan 1967, da irin dokar da ta kori nasa iyayen. Na tafa wa duk yaron da hannuna ya kai gare shi.

Wahala ta gaskiya a Chapman's Peak ta fara. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe ta a 1922, tsawonta kilomita 9, da kwana 114, dutse a dama, teku can ƙasa a hagu. Kyawun wurin ya kai inda ake faɗa, amma rana ta take, dutsen yana mayar da zafi, ƙafafuna kuma sun riga sun yi fiye da kilomita 80. Kafin in kai ƙololuwa jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure tamau, na sauka da ƙyar na jingina da katangar gefen hanya. Abin da na fara yi shi ne fito da na'urar awo, saboda tsoron kada sugan ne ya faɗi, na ga yana inda ya kamata. Wata mata daga cikin masu aikin sa kai ta zo ta miƙar mini da ƙafar, ta murza cinyar har ta saki, ta tambaye ni ko ina son a kira mota. Na tuna maganar uwargida, na saurari jikina da gaske, ban ji jiri ko ciwon ƙirji ba, na ce zan ci gaba a hankali. Baba yana tsaye yana duban agogo bai ce komai ba, sai da na hau ya ce muna da lokaci, amma ba mu da na ɓatawa.

Mun gangara Hout Bay, na hango Imizamo Yethu a jikin tudu da sababbin kwanukan da aka kafa bayan gobarar, sannan muka fuskanci Suikerbossie, hawan ƙarshe, wanda kowa ke ambata tun daga ranar rajista. Bai wuce kimanin kilomita biyu ba, amma miƙaƙƙe ne, mutum yana ganin ƙarshensa tun daga ƙasa, yana kuma ganin ɗaruruwan mutane sun sauka suna tura kekunansu. Jama'a sun cika gefe biyu suna ihu, wasu suna bin mahaya da gudu suna tura su. Na sa giya mafi sauƙi na sunkuyar da kai ina ambaton Allah da kowane juyin feda. Wajen tsakiyar hawan cinyar ta fara alamar sake ɗaurewa, gudun ya ragu har keken ya soma tangaɗi, sai na ji tafin hannu a tsakiyar bayana. Baba ne ya matso da kekensa kusa da nawa, hannu ɗaya a kan nasa keken, ɗaya a bayana, yana tura ni yana haki, mutumin da ya girme ni da shekara ashirin ko fiye. Na ce, “Baba, ka bari, za ka gaji.” Ya ce, “Juya ƙafarka, ɗana, magana ta bari sai mun hau.” Haka muka kai sama, kuma ban ɓoye hawayen da suka zubo mini ba.

Daga nan saura kimanin kilomita 15, yawancinsu gangara da shimfiɗa. Muka wuce saman Llandudno, muka wuce Oudekraal inda kabarin Shaihu Nurul Mubin yake a jikin dutse, ɗaya daga cikin malaman da Turawan Holan suka koro daga ƙasashensu zuwa Cape, Baba ya yi masa sallama muna tafe. Sai Camps Bay da Clifton da Sea Point, sannan layin ƙarshe a Green Point kusa da babban filin wasan da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2010. Na tsallaka layin da sauran lokaci kafin awa bakwai ta cika, wata yarinya ta miƙo mini lambar yabo irin wadda ake bai wa kowa. Nolan Hoffman, wanda ya zo na ɗaya a maza, ya gama tun da safe cikin awa biyu da rabi da 'yan mintoci, Kim le Court 'yar Mauritius kuma ta lashe na mata. Mu kuwa muka nemi gefe a kan ciyawa, muka yi alwala da ragowar ruwan gora, muka sallaci azahar, ni a zaune saboda ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa.

Daga baya labari ya fito cewa mutum uku sun rasu a tseren na ranar, mahaya biyu da ɗaya daga cikin masu kula da hanya. Uwargida ta daɗe ba ta yi magana ba bayan ta ji, ni ma jikina ya yi sanyi, domin ta wuraren da abin ya faru na bi. Ina faɗin wannan ne saboda ba na son wani ya karanta labarina ya ɗauka abin wasa ne. Duk mai ciwon suga ko hawan jini ko wanda shekarunsa suka ja, bai kamata ya tunkari irin wannan tafiya ba sai likita ya duba zuciyarsa, ya kuma yi watanni yana shiri daga kaɗan zuwa mai yawa.

Ciwon suga bai rabu da ni ba, kuma likita ta gaya mini tun farko cewa ba rabuwa ake yi da shi ba. Amma nauyina ya ragu sosai, awon jinina na wata uku-uku ya sauko ya daidaita, an rage mini yawan maganin da nake sha, hawan jinin ma ya lafa, kuma ina kwana ba tare da tashin dare ba. Alhamdu lillahi. Yanzu a keke nake zuwa aiki duk ranar da iska da ruwan sama suka bari. Baba ya daina shiga tseren saboda gwiwa, amma har yau shi ke duba mini birki da kaca kafin kowane Maris.

Da aka gano irin wannan ciwo a jikin ƙanena da ke Zariya, na aika masa da kuɗin keke maimakon na wani abu, na kuma roƙe shi kada ya saurari masu cewa girmansa ya faɗi. Ya karɓa, yana fita bayan sallar asuba ta hanyar Samaru kafin motoci su yi yawa. Kukansa ɗaya shi ne tirela da tankar mai da ke matse shi zuwa bakin kwalta, ga babu wani gefe da aka ware wa mai keke, don haka na ce ya nemi abokan fita ko da biyu ne, ya sa riga mai haske, kada kuma ya hau ba hular kwano. Ya ce yanzu su huɗu ne, har da limamin unguwarsu.